Gudun Asuba a Zariya: Yadda Za Ka Mai da Wayarka Abokiyar Hanya

Shekara uku ke nan da likita ya kwance abin awo daga damtsena ya ce, "Malam, jininka ya fara hawa. Zan ba ka magani, amma sai ka taimaki maganin da ƙafarka." Ina da shekara 44 a lokacin, ina zaune a Tudun Wada, kullum daga gida sai kan babur, daga kan babur sai kujerar shago. Washegari da aka idar da sallar Asuba na ɗaura kambas na fita da ƙarfina. Ban kai Ƙofar Doka ba ƙirjina ya ɗauki zafi, numfashi ya gagara, na dawo gida ina jan ƙafa. Sati biyu na yi a haka, sannan na tura kambas ɗin ƙarƙashin gado.

Ƙanena da ke karatu a Samaru shi ya dawo da ni hanya. Ya zo hutun ƙarshen mako, ya ji labarin, ya karɓi wayata ya sauke manhaja biyu, ya ce, "Yaya, ba gudun ne ya fi ƙarfinka ba. Sauri kake yi kamar an biyo ka." Tun daga ranar ban sake ajiyewa ba sai don rashin lafiya ko tafiya. Abin da na gane a shekarun nan shi ne, abu biyu ke sa mutum ya ji daɗin gudu: ya rage sauri har numfashinsa ya zauna, kuma ya riƙa ganin ci gabansa da idonsa. Wayar da ke aljihunka tana iya yi maka duka biyun, ba sai ka sayi komai ba.

Ka fara da manhajar ƙidayar lokaci, irin wadda ake saita wa zango-zango ta riƙa yin ƙara idan lokacin kowane zango ya cika. Suna da yawa a Play Store, kuma na kyauta sun wadatar. Ka saita ta haka: minti 5 na tafiya da ɗan sauri don jiki ya ɗumama, sai minti 1 na sassarfa, sai minti 1 da rabi na tafiya, a maimaita sau 8. Wannan shi ne makon farko na tsarin da ake kira Couch to 5K, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya take ba masu fara gudu. Mako 9 ne, fita uku a kowane mako da ranar hutu a tsakani, ana ƙara gudun ana rage tafiyar har mutum ya kai ga yin minti 30 ba tsayawa. Amfanin ƙarar nan ya wuce yadda ake zato. Idan kai kaɗai ne ke yanke wa kanka lokacin tsayawa, kullum cikin gardama kake da zuciyarka, in ka tsaya kuma sai ka ji kamar ka gaza. Idan waya ce ta ce tsaya, tafiyar ta zama ɓangaren aikin. Ni mako na biyar sai da na maimaita shi sau uku, kuma ban ga laifin hakan ba.

Manhaja ta biyu ita ce mai auna nisa da zana hanyar da ka bi. Ni Strava nake amfani da ita, abokin guduna kuma Samsung Health, wani Adidas Running. Duk aiki ɗaya suke yi a matakin da muke buƙata, kada ka biya kuɗin rajista. Mutane da yawa na tsoron za ta cinye musu data, to ba haka abin yake ba. Waya tana gane inda take ne ta hanyar karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu, kuma tana buƙatar aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta tantance wurinka. Karɓa kawai take yi, ba ta aika musu komai, don haka ko datarka a kashe take za ta auna gudunka. Sai ka dawo gida ka kunna data ta ɗora aikin, ta nuna maka taswirar.

Amma akwai saitin da dole ka gyara tun a daren farko, in ba haka ba ranka zai ɓaci. Ranar da na fara cika minti 20 ba tsayawa, na ciro waya cike da murna, sai na tarar ta rubuta mita 600, ta ja wani miƙaƙƙen layi ta kan rufin gidajen mutane. Abin da ya faru shi ne, wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar fuskar waya ta mutu, don tattalin batir. Ka shiga saitin, ka nemi sashen batir, ka nemo manhajar gudunka, ka cire mata wannan takura ta yadda za ta ci gaba da aiki ko waya na aljihu. Ka ba ta izinin lokeshan, ka kunna zaɓin takamaiman wuri idan wayarka na da shi. Kada kuma ka fita da waya tana kan yanayin tattalin caji. Sannan idan ka fito ƙofar gida, ka tsaya a fili kamar rabin minti har alamar lokeshan ta nuna ta kama, kafin ka danna farawa.

Ka kuma san inda awon ke yin kuskure. A cikin birni, lungunan Kwarbai da na wajen Babban Dodo matsattsu ne, katangu sun tokare sama, saƙon taurarin ba ya isowa sosai, sai layin ya riƙa karkacewa. A buɗaɗɗen wuri kamar titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru, ko titunan cikin Jami'ar Ahmadu Bello, awon ya fi zama daidai. Idan a filin wasa kake zagaye, ka fi yarda da ƙidayarka: daidaitaccen zagayen gudu mita 400 ne a layin ciki, zagaye 12 da rabi ya ba ka kilomita 5. Waya takan rikice a kwana.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci a fuskar manhajar ita ce minti nawa kake cinye kilomita ɗaya. Ka kunna muryar da ke sanar da kai a kunne duk bayan kilomita ko rabinsa, don kada ka riƙa ciro waya a kan titi. Da na duba tawa, sai na ga a da ina fita ne da saurin minti 5 da rabi a kilomita, saurin da jikina bai da shi. Na koma minti 8 da 'yan daƙiƙu. A ranar na fara lura da abubuwan da ban taɓa gani ba a unguwar da aka haife ni: mai shayi yana hura wuta, almajirai na karatu a bakin tsangaya, masu kayan gwari na sauke tumatur daga mota, hasken safe na sauka kan ragowar ganuwa. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne magana. In za ka iya amsa gaisuwar dattijo cikakkiya, "Lafiya lau, Baba, ya iyali, ya sanyi?" ba tare da numfashi ya katse ka ba, saurinka daidai ne. In "lafiya" kaɗai ke fita, ka rage. Yawancin fitarka a mako ya kamata ta kasance a wannan mataki.

Maganar agogon hannu kuwa, ina ba da shawarar a jinkirta. Ka yi wata uku da waya tukuna. Na yi gaggawar sayen wani mai araha a kasuwa, yana nuna bugun zuciya da hawan jini har da iskar da ke cikin jini. Wata rana na cire shi na ajiye a kan tebur, ya ci gaba da ba ni bugun zuciya 78. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mai hawan jini irina yana iya dogara da wannan lambar ya bar shan magani. Kada ka taɓa auna hawan jininka da irin waɗannan agoguna, abin awo na damtse shi ne abin dogaro. In za ka sayi agogo, ka tambayi mai shago ko yana gane wuri da kansa ko sai ya jingina da waya, domin yawancin masu araha da waya suke dogara. Ka kuma gwada shi nan take: ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4, ka kwatanta da abin da ya rubuta. Agogo mai kyau yana karanta bugun ne da koren hasken da ke bayansa, don haka sai ya zauna daram a fata, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu.

Idan ka samu mai gaskiya, ga yadda ake amfani da shi. Ana kintatar iyakar bugun zuciyar mutum ta hanyar cire shekarunsa daga 220. Kintace ne kawai, mutane sun bambanta, amma yana ba da mafari. Mai shekara 44 zai samu 176, gudun sauƙi kuma yana tsakanin kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na wannan, wato daga kimanin 106 zuwa 132. Ka saita agogon ya girgiza idan ka haura. In kana shan maganin hawan jini ka nuna wa likitanka lambobin, domin wasu magungunan suna rage bugun zuciya, lissafin ba zai yi daidai a kanka ba. Lambar da ta fi faranta mini rai ma ba ta lokacin gudu ba ce, ta lokacin farkawa ce kafin in tashi daga shimfiɗa. Na fara da 84, yanzu tana yawo a 68.

Sai abin saurare. Nan ne yawancin mutane suka fi samun daɗin, nan ne kuma haɗarin yake. Ka sauke abin da za ka ji tun da dare, lokacin da data ta fi araha ko inda ka samu intanet na kyauta, don kada ya riƙa yankewa a hanya. Abin da ya yi mini aiki shi ne na ware wani shiri da nake so ƙwarai na hana kaina jin sa sai a kan hanya. Darussan tarihin ƙasar Hausa ne da wani malami ya gabatar kashi-kashi. Ranar da lalaci ya kama ni, son jin yadda labarin zai kaya shi ke fitar da ni daga bargo. Wani mutumin kuma kiɗa ne ke tafiyar da shi, kuma kiɗan kalangu ko na ganga mai bugu ɗaya ba canji yana daidaita taku sosai. Wani labaran safe yake so, to rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa ba ya cin data, sai dai yana buƙatar iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriyarsa. Game da karatun Alƙur'ani, ra'ayina shi ne in bar shi sai lokacin tafiyar ɗumama jiki da ta hucewa, lokacin da hankalina zai iya tsayawa a kansa. Ina haki ina kauce wa babura ba na iya ba shi haƙƙinsa na sauraro. Azkar ɗin safe ma a tafiyar dawowa nake yin su.

Kunne ɗaya kawai za ka toshe. Wannan ba na sassauta shi ga kowa a cikin abokan guduna. Titunanmu ba su da gefen masu ƙafa a wurare da yawa, ɗan acaɓa da mai keke napep suna iya ɓullowa ta hannun da ba nasu ba, manyan motocin da ke ratsa Kwangila da Ɗanmagaji kuwa ba sa tsayawa da wuri. Ka bi gefen hagu ta yadda kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka bar kunnen da ke ɓangaren titi a buɗe. Akwai wani irin abin saurare da ke zama a kan ƙashin gefen kunne ya bar ramin kunnen a buɗe, yana da kyau amma da tsada, iyafis ɗaya na bulutut ya isa. Da duhun Asuba ka sa riga mai haske ko irin falmaran mai ƙyalli ta masu aikin titi.

Kada ka riƙe waya a hannu, kada kuma ka ɗaure ta a damtse inda kowa zai gan ta. Ƙwacen waya gaskiya ne, kuma lokacin da muke fita titi ba kowa. 'Yar jakar ƙugu da ake sakawa a ƙarƙashin riga ita ce mafita, in ka sa wayar a leda tukuna saboda gumi. Ni tsohuwar wayata na mayar ta gudu: ba layi a ciki, ba manhajar banki, sai manhajojin gudu da abin saurare, tunda gane wuri ba ya buƙatar layi. Idan na dawo sai in jona ta da intanet ɗin babbar wayar. Amma ranar da zan yi nisa ni kaɗai, kamar ta wajen Wusasa zuwa gindin Dutsen Kufena, mai layin nake ɗauka, in tura wa uwargida lokeshan mai tafiya ta WhatsApp. Ana iya zaɓar minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Na awa 1 ya ishe ni. Ita ce ma ta fara cewa, "Maigida, in za ka bar gari ka bar mini alama." Ƙanwata da ƙawayenta uku da ke tafiyar sauri da hijabansu a cikin unguwarsu ta Hanwa, su kullum sai sun kunna shi, kuma ba sa fita sai gari ya fara haske.

Akwai wata fallasa da ba a cika lura da ita ba. Taswirar gudunka tana nuna inda ka fara da inda ka ƙare, wato ƙofar gidanka, tare da lokacin da kake fita kullum. A 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi ta bayyana siffar wasu sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje, saboda sojoji na gudu da na'urorinsu a kunne. In abin ya kai ga sansanin soja, gidanka ba zai gagara ba. Ka shiga saitin sirri na manhajar, ka kunna ɓoye farko da ƙarshen hanya, ka mayar da ayyukanka sai waɗanda ka amince da su ne za su gani. Kafin ka ɗora hoton taswirar a sitatus, ka yanke ɓangaren unguwarku.

Yanayin Zariya ma sai an yi shawara da shi, kuma manhajar hasashen yanayi da ke zuwa da waya ta isa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin Asuba yana da daɗin gudu, amma ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, ƙurar tana shiga ƙirji. Irin wannan rana nakan zauna a tsakar gida in yi tsallen igiya da manhajar ƙidayar nan, mai asma kuwa kada ma ya gwada fita. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafin rana kan kusanci digiri 40, don haka in ƙarfe 7 ta yi ba ka dawo ba ka makara. Za ka ga saurinka ya ragu, bugun zuciyarka ya ƙaru a kan hanyar da ka saba. Shekarar farko na ɗauka baya nake komawa, har na fara karaya. Da shekara ta zagayo na buɗe tarihin da manhajar ta adana, sai na ga Afrilun bana ya fi Afrilun bara da kusan minti guda a kowane kilomita. Ka riƙa kwatanta wata da takwaransa na bara, kada ka kwatanta bazara da hunturu. Da azumi kuwa nakan mayar da fitar bayan Tarawihi, in rage ta zuwa rabi, in zaɓi titi mai fitila da jama'a.

Na bar abin da ya fi riƙe ni zuwa ƙarshe. Mu bakwai ne a wani zauren WhatsApp: malamin firamare, tela, ma'aikacin jinya, ɗalibai biyu, wani dattijo ɗan fansho da muke kira Baba, sai ni. Da farko kowa na turo hoton gudunsa, sai abin ya fara zama gasa, masu sauri na jin daɗi, Baba ya yi shiru kwana goma. Da na je gaishe shi ya ce, "Ɗana, ni da nake tafiya, me zan nuna a cikin masu gudu?" Daga nan muka sauya doka. Ba a turo sauri, nisa kawai ake turowa, kuma tafiya da gudu duk ɗaya ne a lissafi. Muna tara kilomitocin kowa wuri guda, mu ɗora su a kan hanyar mota ta gaske a Google Maps, kamar ayari ɗaya ne ya tashi daga Zariya. Tafiyarmu ta farko Kaduna muka nufa, kimanin kilomita 80. Ranar Laraba tela ya rubuto cewa mun iso Jaji, ranar Asabar muka wuce Mararrabar Jos, kilomita 3 na Baba na ranar Lahadi su suka shigar da mu Kawo. Tun daga lokacin bai sake fashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi, kuma tafiyar saurin da Baba ke yi tana cikin na farkon. Yanzu ya fi wasunmu cika adadin.

In za ku yi irin wannan, ku naɗa mutum ɗaya mai lissafi, ya riƙa sanar da inda aka kwana duk daren Juma'a, tare da hoton taswirar. Littafin rubutu na ɗalibai ya ishe shi. Wanda wayarsa ba ta auna nisa ya turo mintocin da ya yi, a ƙiyasta masa kilomita 1 a kowane minti 12 na tafiya. Ku kuma sa rana ɗaya a mako da za ku haɗu ido da ido, a cire iyafis, a yi gudun da hira, mai sauri ya bi takun na baya.

Daren da zan fita nakan jona tsohuwar wayar a caji da zarar an kawo wuta, in ba a kawo ba in sa mata fawa bank, in ajiye kambas da jakar ƙugu a bakin ƙofa, in duba cewa kashi na gaba na darasin ya sauka. Wannan watan Kano muka nufa. Mun wuce Tashar Yari tun makon jiya, lissafin daren Juma'a ya ajiye mu a Kwanar Ɗangora, kuma ma'aikacin jinyar ya ce in damina ta bar mu mu fita Asabar, shi zai kai mu Ciromawa.